Kafin Ka Danna

Ma'azu, ajiye sukudireban nan, jawo kujera.
Ba kowace cuta ke son wuƙa ba.
In an kawo inji ya ƙi tashi,
fara da mai shi:
me ka saka masa jiya? Wa ya soka masa kile?
Zai ce babu kowa.
Yi shiru, zuba masa shayi.
Kafin kofi na biyu zai tuna
ɗansa ya sauke wasan ƙwallo ranar Lahadi.

Kashe, ka kunna. Kada ka ji kunya,
rabin tuwon shagon nan daga nan yake fitowa.
Leƙa bayan tebur kuma.
Na taɓa hawa kabu-kabu daga Ali Ɗan Sofo har Sura Bildi
da jakar kayan aiki a cinya,
na tarar akuya ce ta tumɓuke waya.

In za ka saka manhaja, karanta.
Na san Faransancin da tsawo,
na san yatsa da ƙaiƙayi,
amma a shafi na uku akwai ɗan akwati
da aka riga aka yi wa alama.
Baƙo ne ya biyo baƙo,
da tabarmarsa ya zo, ba shi da ranar tafiya.
Cire alamar.

Maganin ƙwayar cuta guda ya isa.
Zakara biyu a akurki ɗaya
faɗa suke kwana yi, asuba ta wuce babu cara.

Sabuntawa, bar ta sai dare ya raba,
lokacin da rezo ya huta da mutane.
Duba batirin ajiya tukuna,
don in kuran ya tafi tana sittin da uku cikin ɗari
babbar manhaja za ta farka ba ta san sunanta ba.

Fuska ta yi shuɗi? Yi salatinka,
sannan ka ɗauki biro ka rubuta lambar.
Da ita injin ke faɗin inda ke masa ciwo.
Canza abu ɗaya, ka gwada. Ɗaya na ce.
Wanda ya zuba kanwa da gishiri da daddawa a tare
bai san wanne ya ɓata miya ba.

Saura guda. Rufe ƙofar.

Shekara tara ke nan.
Malama Cima, ungozoma ce a Ɗan Gulbi,
ta kawo tata tana jan ƙafa kamar amalanke a rairayin gulbi.
Na ce sai an share.
Ta ce to, share.
Ban ƙara tambaya ba, ina da mutum huɗu a benci.
Kafin la'asar injin ya koma sabo,
har ta yi mini godiya.

Washegari ta dawo ko mayafi ba ta gyara ba.
Ina muryar Inna?
Tsohuwar ce, aka ɗauke ta a Tibiri wata biyu kafin ta rasu,
tana lissafa kakanninsu, wane ya haifi wane,
da sunan rijiyar da kowa ya gina.

Kwana uku ina tonon faifan nan.
Na samo takardun albashi,
rabin hoton wani rago,
da daƙiƙa goma sha ɗaya na sauti:
tari, sai dariya, sai "to, daga nan kuma sai..."
Shi ke nan.

Ta saurara sau biyar a tsaye.
Ta ciro jika biyu ta biya ni.
Da zagina ta yi, da na warke.
Suna nan cikin aljihun teburin, ƙarƙashin tsoffin linzamai,
ko ranar da babu na shayi ban taɓa su ba.

Don haka kwafe tukuna.
Ko mai shi ya rantse babu kome a ciki, kwafe.
Kwafe wuri biyu, ka buɗe ka gani da idonka.
Mutane ba su san abin da suka ajiye ba
sai ranar da aka ce babu.

Ga fanka ya motsa, kuran ya dawo.
Ɗauko na Elhaji Na-Allah mai man gyaɗa.
A'a, sauke hannunka.
Me za ka fara yi?